Dalilin da ya sa jiragen fasinja ba su da akwatunan tsira

Duk lokacin da aikin hajji ya ƙarato, ko kuma aka wayi gari da labarin faɗuwar wani jirgin sama, akwai wani ɗan gajeren bidiyo da yake sake zagayowa a wayoyin mutanen Damagaram. A cikinsa ana nuna jirgi yana cikin tafiya injinsa ya kama da wuta, sai ɗakin fasinjoji gaba ɗayansa ya ɓalle daga jikin jirgin, manyan laimomi su buɗe a samansa, ya sauko sannu a hankali har ya zauna a ƙasa ko a kan ruwa, kowa ya fito lafiya lau, kayansa ma ba su salwanta ba. Zanen kwamfuta ne, ba jirgin gaske ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Yukiren mai suna Vladimir Tatarenko ne ya fito da shi, ya bazu a duniya a farkon shekarar 2016, kuma har yau babu kamfanin da ya ƙera jirgi a kan wannan tsari. Sai dai tambayar da bidiyon yake tayarwa tambaya ce ta masu hankali: tun da jirgin ruwa yana ɗauke da kwale-kwalen ceto, matuƙin jirgin yaƙi kuma yana da kujerar da take cilla shi waje, me ya hana a yi wa fasinjan jirgin sama akwatin tsira da zai shiga idan al'amari ya ɓaci?

Amsar da na fi ji a fada, wajen shan shayi, ita ce kamfanoni sun fi son kuɗi a kan ran mutane. Kuɗi yana cikin maganar, kuma zan zo kansa, amma a ganina shi ne mafi rauni cikin dalilan da ake da su. Haɗarin jirgin sama mai cin rayuka kusan kullum yana zuwa ne ta ɗayan fuskoki biyu: ko dai ya auku kusa da ƙasa inda laima ba ta da sararin buɗewa, ko kuma ya auku a can sama farat ɗaya, ba tare da ya bai wa kowa damar ko da kwance ɗamarar kujerarsa ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan siririn wuri inda akwatin tsira zai yi amfani, amma kayan da za a ɗora wa jirgi saboda wannan ɗan wurin suna iya hallaka mutane fiye da waɗanda za su ceta.

Kamfanin Boeing yana fitar da ƙididdigar haɗurran jiragen fasinja na duniya kowace shekara, kuma abin da take nunawa bai cika canzawa ba: kusan rabin haɗurra masu asarar rai suna faruwa ne a daidai lokacin da jirgi ya kusa taɓa ƙasa ko yake sauka, wani kaso mai yawa kuma a lokacin tashi, alhali tsakiyar tafiya, wadda ita ce ta cinye mafi yawan lokacin da ake yi a sama, kasonta ƙanƙane ne. Mu da muke maƙwabtaka da Kano ba mu buƙatar a kai mu nesa neman misali. Ranar 22 ga Janairun 1973 jirgin Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari yana sauka a Kano cikin iska da hazo, mutum 176 suka rasu. Ranar 4 ga Mayun 2002 wani jirgin ya tashi daga filin Malam Aminu Kano ya faɗa unguwar Gwammaja tun bai yi nisa ba. Jirgin da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansa, ya rasu a cikinsa ranar 29 ga Oktoban 2006, jim kaɗan da tashinsa daga Abuja ya faɗi. Na Ahmedabad a Indiya, ranar 12 ga Yunin 2025, wajen rabin minti kawai ya yi a sama.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da filin jirgin Damagaram ya ga tashin jirgi zai gane abin da rabin minti yake nufi. Jirgin yana tahowa da gudu a kan titinsa, hancinsa ya ɗaga, tayoyin baya su bar ƙasa, ka ga ana naɗe su zuwa cikin cikinsa, kuma a duk wannan lokacin kana iya karanta rubutun da ke jikinsa. Idan injina suka mutu a wannan gaɓar, babu laimar da za ta fito daga kunshinta, ta miƙe, ta cika da iska, ta rage gudun abu mai nauyin tan da yawa kafin ya iso ƙasa. Ƙananan jiragen Cirrus, masu ɗaukar mutum huɗu ko biyar, su ne suka yi suna da laimar da take sauko da jirgi gaba ɗayansa, kuma ta ceci mutane da dama. Amma ko su ana koya wa matuƙansu cewa sai jirgi ya kai tsayin wajen mita 150 zuwa 180 daga ƙasa kafin a dogara da ita, kuma ba a gina ta domin gudun da ya wuce kilomita 250 ko kusa da haka a awa ba. Babban jirgin fasinja da wannan gudun yake barin ƙasa.

A can sama kuwa, matsalar wata iri ce dabam. Jirgin fasinja yana tafiya ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12, da gudun kilomita 850 ko fiye a awa, cikin sanyin da ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri, kuma iskar wurin ba ta isa ta riƙe hankalin mutum ba: a tsayin mita 10,700 mutum yana da sakan 30 zuwa 60 ne kawai kafin tunaninsa ya rikice. Shi ya sa ake cusa iska cikin jirgin domin a yi numfashi kamar ana kan wani dutse mai matsakaicin tsayi, kuma wannan iskar tana tura bangon jirgin zuwa waje da ƙarfin fiye da tan 5 a kan kowace murabba'in mita. Ita ce ma take danne ƙofofi yadda ƙato goma ba za su iya buɗe ɗaya ba muddin jirgin yana sama. Saboda haka maganar a rarraba wa kowane fasinja laima ya yi tsalle ta mutu tun daga nan, tun ba a zo kan tambayar su wane ne fasinjojin ba. Duk wanda ya taɓa raka maniyyata ya san su: tsofaffin da suka shekara suna tara kuɗin kujera, hajiyoyi masu ciwon gwiwa da sai an kama hannunsu a matakala, mutanen karkara da ranar ce ranarsu ta farko a cikin jirgi, mata masu goyo. Shigar da mutum ɗari uku irin waɗannan cikin jirgi yana tsaye cak a ƙasa yana cin fiye da rabin awa. Kai su cikin akwatuna, a ɗaure su, a rufe, yayin da jirgin yake juyi yana faɗuwa cikin duhu da hayaƙi, abu ne da ba zai yiwu ba.

Ƙasarmu Nijar ta ga irin haɗarin sama da ba ya ba da sanarwa. Ranar 19 ga Satumban 1989 jirgin DC-10 na kamfanin UTA, tafiya mai lamba 772, ya taso daga Brazzaville, ya yada zango a Njamena, ya kama hanyar Paris. Minti 46 bayan tashinsa daga Njamena, yana tsayin kusan mita 10,700 a saman hamadar Tenere, bam da aka ɓoye cikin akwatin kaya a rumbun kayan gaba ya tashi, jirgin ya tarwatse, dukkan mutum 170 da ke ciki suka rasu, tarkacen ya watsu a kan yashi tsawon kilomitoci. Matuƙan ba su samu damar aika ko kalma ɗaya ba. A shekarar 1999 wata kotu a Faransa ta yanke wa ƴan Libiya shida hukunci ba su nan, a 2007 kuma iyalan mamatan, tare da taimakon mutanen yankin, suka gina abin tunawa a wurin da baƙaƙen duwatsu da fasassun madubai 170, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye. Da a ce jirgin nan yana da akwatunan tsira ɗari, da babu wanda ya kai ga ko ɗaya. Da kuma ɗakin fasinjojin ne gaba ɗaya aka yi shi mai ɓallewa irin na bidiyon, to a bidiyon kayan fasinjoji suna ƙarƙashin ɗakin ne, ke nan bam ɗin yana cikin abin da ake cewa zai tsira.

Tenere tana koya mana wani abu kuma game da inda akwatunan za su sauka. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa yana cin kilomita 14 a kowane minti. Idan sakin akwatunan ɗaya bayan ɗaya ya ɗauki minti biyu kacal, na farko da na ƙarshe za su sauka da tazarar kusan kilomita 30 a tsakaninsu, ban da abin da iska za ta ƙara. A hamada wannan yana nufin ƙananan gungun mutane, wasu da rauni, warwatse a inda babu ruwa babu inuwa, kowane gungu sai an nemo shi daban. A teku ko a kan duwatsu abin ya fi haka muni. Kwale-kwalen ceto yana yi wa jirgin ruwa amfani ne domin jirgin ruwa yana nitsewa a hankali, Titanic ma sai da ya yi awa biyu da minti arba'in a 1912, sannan ruwan da kansa yana ɗauke da kwale-kwalen ba tare da wata na'ura ba.

Dalilin da ya fi gamsar da ni, duk da cewa ba a cika ambatarsa ba, shi ne na ƙirar jikin jirgin. Jirgin da aka cusa wa iska kamar salka yake idan an cika ta da ruwa: fatar ba ta cika yoyo a tsakiyarta ba, sai a wurin ɗinki da bakin da aka ɗaure, don haka duk wanda ya ƙara mata ɗinki ya ƙara mata hanyar zuba. Jikin jirgi yana kumbura kaɗan a duk tashi, ya koma a duk sauka, sau dubbai a rayuwarsa, kuma ƙarfe yana gajiya ne daga kusurwar da aka yanka. Turawan Ingila sun koyi wannan da tsada a 1954, lokacin da jiragen Comet guda biyu, waɗanda su ne jiragen fasinja masu injin jet na farko a duniya, suka tarwatse a saman Bahar Rum. Sai da masu bincike suka nitsar da gangar jikin wani Comet cikin babban tankin ruwa suna matsa shi suna saki har ya tsage, sannan aka gane cewa tsagewar daga kusurwar wuraren da aka huda take farawa. Ranar 3 ga Maris ɗin 1974 ƙofar rumbun kaya ta wani DC-10 na Turkiyya ta ɓalle jim kaɗan bayan tashinsa daga Paris, daɓen ɗakin fasinjoji ya rufta ya tsinke igiyoyin sarrafa jirgin, mutum 346 suka rasu. Ranar 5 ga Janairun 2024 murfin wata ƙofa ya fice daga jikin Boeing 737 MAX 9 bayan tashinsa daga Portland a Amurka, domin an bar shi babu kusoshi huɗun da suke riƙe shi. Allah ya sa kujerun da ke kusa da wurin babu kowa. Waɗannan duk ƙofofi ne da aka ƙera domin su zauna a rufe. Ɗakin da aka ƙera shi musamman domin ya rabu da jirgi yana buƙatar mahaɗai masu sakin jiki, da kusoshi masu fashewa, da rokoki, da wayoyin lantarki da bututun iska da za su tsinke cikin ƙiftawar ido, kuma dukkansu za su kasance a jikin jirgin a kowace tafiya, shekara ashirin ko talatin, cikin zafin Agadas da sanyin sama.

A nan lissafi yana da sauƙi. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙirga tashi kusan miliyan 37 a shekarar 2023, kuma haɗari ɗaya tak ne ya ci rayuka, na wani jirgi mai farfela a Nepal. A 2024 an yi bakwai cikin tashi sama da miliyan 40. A ƙaddara cewa na'urar ɓalle ɗaki tana da inganci ƙwarai, yadda sau ɗaya kawai cikin tashi miliyan ɗaya za ta yi aiki ba a umurce ta ba, ko ta tsage, ko makamashinta ya kama wuta. Wannan kaɗai zai haifar da haɗurra kusan arba'in a shekara, a sana'ar da haɗurranta masu kisa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Kafin na'urar ta cancanci a ɗora ta, sai ta fi jirgin kansa aminci nesa ba kusa ba, kuma a abin da ke ɗauke da nakiya wannan buri ne mai wuyar cika.

Sai batun nauyi. Kumbon Orion na Amurka, wanda nauyinsa a lokacin dawowa bai wuce tan 10 ba, yana buƙatar manyan laimomi uku masu faɗin mita 35 kowace, bayan ƙananan da suke fara rage masa gudu, kuma duk da haka a teku yake sauka. Jirgin Airbus A320, wanda matsakaici ne, yana tashi da nauyin tan 78. Idan aka bi ma'aunin Orion zai buƙaci irin waɗannan laimomi fiye da ashirin, su buɗe tare ba tare da sun sarƙe ba. Boeing 777 mafi girma ya haura tan 350, A380 kuma ya kai 575. Ko da ɗakin fasinjoji kaɗai za a sauko da shi, mutum 180 da kayansu sun kai tan 18, kafin a sa nauyin ɗakin, wanda dole ya zama mai bango biyu, nasa da na jirgin da yake ɗauke da shi.

Sojoji, waɗanda ba tikiti suke sayarwa ba kuma ba su da ƙarancin kuɗi, sun gwada wannan dabara sun bar ta. Jirgin yaƙin Amurka F-111 yana da ɗakin matuƙa da ake yankewa da igiyar nakiya, roka ta cilla shi, laima ta sauko da shi a kan jakunkunan iska. Ya ceci matuƙa, amma nauyinsa ya wuce tan ɗaya domin mutum biyu kacal. Jirgin XB-70 yana da ƙaramin akwati ga kowane matuƙi, kuma ranar 8 ga Yunin 1966, da ya yi karo da wani jirgi a sama, Al White ya fita da mummunan rauni, abokin aikinsa Carl Cross kuwa bai samu fita ba. Samfuran farko na jirgin B-1 suna da ɗaki mai ɓallewa. A haɗarin da aka yi a 1984 ɗakin ya ɓalle, amma laimar ba ta daidaita shi ba, ya bugi ƙasa da ƙarfi, matuƙin gwaji Doug Benefield ya rasu. Jiragen B-1B da aka ƙera domin aiki da kujeru masu cillawa aka yi su. Su kansu kujerun suna harba mutum da ƙarfin da ya ninka nauyinsa fiye da sau goma, kuma samari masu horo da cikakkiyar lafiya suna fita da karayar ƙashin baya. Inda dabarar ta yi nasara sosai shi ne a kumbon Soyuz na Rasha, a 1983 da kuma ranar 11 ga Oktoban 2018, lokacin da rokar ta lalace minti biyu bayan tashi, Alexey Ovchinin da Nick Hague suka sauka lafiya a Kazakistan. Amma su mutum biyu ne ko uku, suna ɗaure a cikin akwatin tun kafin tashi, kuma akwatin shi ne abin hawansu tun asali.

Akwai kuma tambayar wanda zai yanke hukuncin a ɓalle, da lokacin da zai yanke shi. Jirgin da injinansa suka mutu ba ya faɗowa kamar dutse, fukafukansa suna ci gaba da ɗaukarsa. Ranar 24 ga Agustan 2001 man wani Airbus A330 na Kanada ya tsiyaye a tsakiyar tekun Atlantika cikin dare, ya yi tafiyar kusan kilomita 120 babu inji ko ɗaya, ya sauka a tsibiran Azores da mutum 306 a raye. Ranar 15 ga Janairun 2009 Kyaftin Chesley Sullenberger ya saukar da A320 a kogin Hudson na New York bayan tsuntsaye sun kashe masa injina biyu, mutum 155 duk suka tsira. A Sioux City ta Amurka, a watan Yulin 1989, wani DC-10 ya rasa dukkan hanyoyin sarrafa shi, matuƙan suka riƙa juya shi da ƙarfin injina kawai, mutum 184 cikin 296 suka rayu. Da akwai maɓallin ɓallewa a gaban waɗannan matuƙa, da wuya su ƙi danna shi, kuma da an jefa ɗaruruwan mutane cikin teku da dare ko a kan gine-ginen New York, sauran jirgin kuma, da fukafukansa cike da mai, ya faɗa inda ya ga dama. A ɗaya ɓangaren, jirgin Air France 447 da ya taso daga Rio ta Brazil ranar 31 ga Mayun 2009 ya yi minti uku da rabi yana faɗuwa, lokacin da ya isa a yi wani abu, amma matuƙan ba su fahimci abin da ke faruwa ba sai a ƙarshe, kuma wanda bai san jirginsa ya ɓaci ba ba zai danna maɓallin barinsa ba. Hanyar fita a sama tana kuma jawo mugaye: a watan Nuwamban 1971 wani mutum ya yi fashin Boeing 727 a Amurka, ya karɓi dala 200,000, ya buɗe matakalar baya ya yi tsalle da laima, ba a sake ganinsa ba, kuma abin da hukuma ta yi shi ne ta sa a ƙara wani ƙarfe da yake hana matakalar buɗewa muddin jirgi yana tafiya.

Ba zan ce babu ranar da akwatin tsira zai yi amfani ba. Ranar 12 ga Agustan 1985 bangon baya na wani Boeing 747 na Japan ya fashe saboda gyaran da aka yi masa ba daidai ba shekara bakwai kafin nan, jelar jirgin ta tafi, matuƙan suka yi minti 32 suna kokawa da shi kafin ya bugi dutse, mutum 520 cikin 524 suka rasu; har wasu fasinjoji sun samu lokacin rubuta wasiyya. Haka ma jirgin alhazan Sakkwato da ya kama wuta bayan tashinsa daga Jidda ranar 11 ga Yulin 1991, mutum 261 suka rasu yana ƙoƙarin komawa fili. Waɗannan suna da ciwo a zuciya, domin akwai lokaci kuma babu mafita. Sai dai idan aka bi asalinsu, na Japan layin kusoshi ne da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, na Jidda kuma tayoyi ne da aka san iskarsu ba ta cika ba aka ƙi jinkirta tashi a cika su. Maganin irin wannan ya fi laima arha kuma ya fi ta tabbas, kuma a nan ne sana'ar ta zuba ƙarfinta: na'urar da take gargaɗin matuƙi idan ya doshi ƙasa ko dutse, wadda take hana jirage biyu karo a sama, dokar da ta hana jaka tafiya idan mai ita bai hau ba, da yarjejeniyar Montreal ta 1991 da ta wajabta sa wa nakiyar roba sinadarin da na'ura za ta iya shinshinowa, wadda aka ƙulla bayan bama-baman da suka tarwatsa jirage a saman garin Lockerbie na Birtaniya da kuma Tenere. A yankinmu hukumar ASECNA, da aka kafa a 1959, ita take kula da zirga-zirgar sama, makarantarta ta EAMAC kuma a Yamai take horar da masu ba jirage hanya da masana yanayi.

Kuɗi kuwa, ga yadda yake shiga. Duk tan ɗin da aka ƙara wa jirgi yana rage kujeru ya ƙara shan mai, tikiti ya yi tsada, wanda ya kasa biya ya koma mota. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne a kan kwalta, kuma babu gidan da bai san abin da wannan hanya take ci ba. Hukumar lafiya ta duniya tana ƙiyasta mutuwar mutum kusan miliyan 1.19 a kan tituna kowace shekara, yayin da binciken Arnold Barnett na jami'ar MIT ya nuna cewa tsakanin 2018 da 2022 fasinja ɗaya ne yake rasuwa cikin kowane hawa jirgi miliyan 13.7. Da irin wannan hujja hukumar jiragen saman Amurka ta ƙi tilasta wa iyaye sayen kujera daban domin jarirai a 2005, tana cewa iyalan da tsada za ta kora zuwa mota za su fi shiga haɗari.

Lokacin da kawuna yake shirin tafiya Makka ya kira ni gefe ya ce, "Kai ɗana, kai da kake karance-karancen nan, in abin ya lalace, ta ina ake fita?" Na ce masa, "Kawu, ta ƙofa, kuma a ƙasa. Idan kun zauna ku duba ƙofar da ta fi kusa da ku, gaba da baya, ku ƙirga layin kujerun da ke tsakaninku da ita, domin hayaƙi yana iya hana gani. In aka ce a fita, ku bar jaka." Ya yi dariya ya ce jakar ce da wuya. Gaskiya ya faɗa, kuma a nan ne ainihin tsarin tsira na jirgin fasinja yake. Ba a ba jirgi izinin ɗaukar mutane sai an nuna cewa kowa zai iya fita cikin sakan 90 da rabin ƙofofin a toshe; a gwajin A380 da aka yi a Hamburg a watan Maris na 2006, mutum 873 sun fita cikin sakan 78, a cikin duhu, ta ƙofofi takwas cikin goma sha shida, suna sulalewa a kan matakalun roba da ake hurawa da iska. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta duba haɗurra 568 tsakanin 1983 da 2000, ta samu cewa mutum 51,207 cikin 53,487 sun rayu. Abin da yake kashe waɗanda suka tsira daga buguwar farko shi ne hayaƙi da jinkiri: a Riyad, a watan Agustan 1980, jirgi ya sauka lafiya da wuta a cikinsa amma ba a buɗe ƙofofi da wuri ba, mutum 301 suka rasu, a Manchester a 1985 mutum 55 suka rasu a jirgin da ko tashi bai yi ba, akasarinsu saboda hayaƙi. Darussan irin waɗannan ne suka kawo fitilun da ke jere a daɓen jirgi, da katifun kujeru masu jinkirin kama wuta, da ƙarin fili a gaban ƙofofin da ke kan fukafukai.

Ranar 2 ga Janairun 2024 wani Airbus A350 na Japan ya yi karo da ƙaramin jirgin masu gadin teku yana sauka a filin Haneda na Tokyo, ya kama da wuta. Na'urar magana ta cikin jirgin ta mutu, ma'aikatan suka koma ga ƙaramar lasifikar hannu da muryoyinsu, suka leƙa waje suka ga ƙofofi uku ne kawai cikin takwas ba su fuskantar wuta, su kaɗai suka buɗe. Dukkan mutum 379 sun fita kafin jirgin ya ƙone ƙurmus, kyaftin ɗin ne na ƙarshe bayan ya bi layukan kujeru ya tabbatar babu kowa. A ƙaramin jirgin mutum biyar cikin shida suka rasu. Hotunan da aka ɗauka sun nuna fasinjojin suna sauka hannu rabbana. A Mosko kuwa, ranar 5 ga Mayun 2019, an ga mutane suna fitowa ta ƙofofin gaba riƙe da jakunkuna yayin da bayan jirgin yake ci da wuta, kuma mutum 41 cikin 78 ba su fito ba.